Yadda ake kallon curin taurari na Omega Centauri da ɗaukar hotonsa

Tambaya ɗaya masu karatu suke ta maimaita mini: an sayi teleskof, an ga ramukan wata, an ga zoben Zuhal, to yanzu ina za a saita shi? Amsata ita ce curin taurari, wato taurari dubban ɗaruruwa ko miliyoyi da suka dunƙule wuri guda. Kuma wanda ya fi duka girma da haske a samanmu, Omega Centauri, yana tashi sosai a ƙasar Hausa. Mutumin Landan ba ya ganinsa ko kaɗan, domin duk wanda ya wuce digiri 42 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu (ikweta), curin ba ya fito masa. A Kano yana hawa kimanin digiri 30 daga ƙasa, a Damagaram da Maraɗi kusan 29, a Jos 32 da ɗoriya, a Kumasi kusan 36. Taurari ne wajen miliyan 10, nisansu kimanin shekarar haske 17,000 (shekarar haske ita ce nisan da haske yake tafiya cikin shekara guda), kuma faɗinsu a sama ya ɗan ɗara cikakken wata. Ga yadda ake aikin daki-daki.

1. Zaɓi wata da dare

Curin yana kaiwa ƙololuwarsa a kudu tsakiya. A agogon Najeriya da Nijar, hakan yana faruwa wajen ƙarfe 2:30 na dare a tsakiyar Maris, 12:30 a tsakiyar Afrilu, 10:30 a tsakiyar Mayu, 8:30 a tsakiyar Yuni. Kana da awa biyu kafin wannan lokaci da awa biyu bayansa. Da ya wuce haka, ya sauka cikin hazon da ke kwance kusa da ƙasa.

Sai ka duba kwanan watan Musulunci. Daga 22 ga wata zuwa 4 ko 5 ga sabon wata, farkon dare da tsakiyarsa babu farin wata mai ƙarfi, nan ne lokacinka.

Abin da ya fi kawo cikas a wajenmu ƙura ce. A Maris da farkon Afrilu sama tana iya zama babu gajimare ko ɗaya amma ƙurar hunturu ba ta gama sauka ba, taurarin da ke ƙasa-ƙasa duk sun dushe. Daren da ya fi kowanne shi ne wanda ya biyo bayan ruwan farko na Mayu ko Yuni, idan hadari ya watse. Ruwa ya wanke iska, sama ta yi baƙi ƙirin. In ka samu irin wannan dare kada ka ɗaga zuwa gobe.

2. Kayan aiki da abin da za su ci

Farashin nan na kasuwar waje ne, da dalar Amurka, kuma yana motsi. Ka ƙara kuɗin jigila da na kwastan a kai.

Madubin hangen nesa mai ido biyu, mai lamba 10x50, yana kamawa daga dala 50 zuwa 100. Zai nuna maka curin a matsayin farin dunƙule mai hazo, babba, amma ba zai rarrabe taurarin ba. Duk da haka kada ka raina shi, da shi ake koyon hanya.

Don kallo da ido, abin da nake ba kowa shawara shi ne teleskof samfurin Dobson, mai madubi faɗin milimita 150 ko 200. Na milimita 200 yana kaiwa dala 600 zuwa 800. A wannan aiki faɗin madubi shi ne komai, domin shi ke tara haske har taurari su rabu da juna. Na milimita 100 zai fara tsinko na gefe-gefe, na 200 kuwa zai fasa curin har kusa da tsakiya.

Don hoto, lissafin ya sha bamban. Kana bukatar kyamara mai cire madubi wadda take ajiye hoto a tsarin RAW (ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba), madubi ko ƙaramin teleskof mai tsawon milimita 200 zuwa 600, ƙafa uku mai nauyi, rimot mai ƙidaya, da mazauni mai injin da ke bin taurari. Ƙananan irin Star Adventurer na kamfanin Sky-Watcher suna tsakanin dala 400 da 500. Akwai kuma ƙananan teleskof masu sarrafa kansu ta waya, kamar Seestar S50 da ya fito a 2023 kan dala 499. Shi ke nemo curin, ya bi shi, ya haɗa hotunan. Ba shi da wurin sa ido, a waya kaɗai za ka gani.

Ƙananan kaya: tocila mai jan haske ko wadda aka naɗe bakinta da jar leda, kujera, fawabank, batirin kyamara na biyu, salatif, da manhajar taswirar sama ta Stellarium a waya ko kwamfuta.

Hattara: teleskof ɗin da aka rubuta a kwalinsa cewa yana ƙara girma sau 500 ko 600, alhali bakinsa bai wuce milimita 60 ba, asarar kuɗi ne. Iyakar girman da madubi yake ɗauka shi ne kimanin ninki biyu na faɗinsa a milimita, kuma ƙafafun irin waɗannan rawa suke yi ko da iska ce ta taɓa su.

3. Nemi wuri

Ka tsaya inda kudu take a buɗe, babu gini, babu bishiya, babu gari a gabanka. Wannan yana nufin ka fita ta kudancin garinku, ka bar fitilu a bayanka. Wanda ya tsaya arewa da Kano ya fuskanci kudu, hasken birnin gaba ɗaya yake leƙawa ta ciki.

Ka kafa kaya a kan ƙasa ko ciyawa. Dakalin siminti, saman bene da rufin kwano suna shan rana duk yini a bazara, da dare kuma su riƙa fitar da zafin, iskar da ke kansu ta riƙa tafasa, taurari su yi ta rawa a madubi. Ka nisanci janareta saboda girgiza da hayaƙi.

Hattara: dogon bututu a kan ƙafafu, cikin dare, a bayan gari, abu ne da zai iya tsorata mutane. Ka je wurin tun da rana, ka gaida mai unguwa, ka sanar da 'yan sintiri, ka nuna musu abin da ka zo yi, kuma kada ka tafi kai kaɗai. Inda babu tsaro, ka haƙura da tsakar gida. Sa takalmi rufaffe saboda kunama da maciji.

4. Shirya teleskof da idonka

Fito da teleskof minti 30 zuwa awa ɗaya kafin ka fara, domin zafin madubin ya daidaita da na waje. Idan mai madubai biyu ne irin Dobson, duba ko sun saitu da juna: nemi tauraro mai haske, sa shi a tsakiya, ka ɗan kauce daga saiti har ya zama zobe. Idan baƙin ɗigon yana tsakiyar zoben daidai, lafiya. Idan ya karkata gefe, gyara kusoshin da ke bayan babban madubi kaɗan-kaɗan.

Ƙaramin madubin nema da ke goye a bayan bututun, tun da sauran haske za ka daidaita shi. Saita teleskof kan kan hasumiyar masallaci ko eriyar waya mai nisa, sannan ka juya kusoshin manemin har shi ma ya nuna wuri ɗaya. Mafi yawan waɗanda suka ce sun yi awa guda suna lalube ba su ga komai ba, wannan matakin suka tsallake.

Gargaɗi: kada ka kuskura bakin teleskof ko manemi ya fuskanci rana. Kallo ɗaya yana makantarwa. Kada ka bar yara da shi kafin rana ta faɗi.

Ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 a duhu kafin ya buɗe sosai. Kallon fuskar waya sau ɗaya yana rushe wannan. Rage haskenta ƙasa, ka kunna jan launi na manhajar.

5. Nemo curin

Hanyar tana da sauƙi saboda akwai jagora. Tauraron Spica, fari mai ɗan shuɗi, yana kan layi ɗaya da Omega Centauri daga arewa zuwa kudu, tazararsu digiri 36. Duk lokacin da Spica ya kai ƙololuwa, curin yana ƙarƙashinsa daidai.

Fuskanci kudu a lokacin da na ambata a mataki na farko. Manhaja za ta nuna maka Spica, yana can sama kimanin digiri 67 a Kano. Miƙa hannunka gaba ɗaya ka dunƙule shi. Faɗin dunƙulen nan kusan digiri 10 ne. Sauko daga Spica dunƙule uku da rabi, ko ka hau daga ƙasa dunƙule uku. A wuri mai duhu za ka ga wani abu kamar tauraro amma bai da kaifi, ya yi dishi-dishi. Shi ne. Tabbatar da madubin ido biyu, sannan ka kai manemi kansa.

6. Kallo

Fara da ƙaramin girma. Lissafinsa shi ne tsawon teleskof da aka rubuta a jikinsa (focal length) a raba da lambar da ke jikin madubin leƙe, wato ƙaramin madubin da ake sa ido a kai. Bututu mai tsawon milimita 1200 da madubin leƙe na 25 yana ba da girma sau 48. Na 10 yana ba da 120.

A 48 curin zai shigo gaba ɗayansa da baƙar sama kewaye da shi. Saita kaifi a kan tauraro guda na gefe har ya zama ɗigo mafi ƙanƙanta, kada ka saita a kan farin tsakiyar. Sannan ka zauna. Kallon tsaye yana sa kai rawa, kuma abin da za ka gani a zaune ya fi yawa.

Nan ne haƙuri yake biya. A daƙiƙun farko hazo kawai za ka gani. Kauda idonka kaɗan gefe, ka kalli bakin da'irar alhali hankalinka yana kan curin, domin gefen ido ya fi tsakiyarsa jin raunanan haske. Sai ka ga hazon ya fashe, kamar an zuba tsabar gero a kan baƙin zane, ta taru a tsakiya ta warwatsu zuwa gefe. Da ka mayar da ido kai tsaye wasu su ɓace, ka kauda su dawo. Ka lura kuma cewa bai yi zagaye sosai ba, ya ɗan baje ta gefe biyu, kuma tsakiyarsa faffaɗa ce, ba ta tsuke wuri guda ba.

Bayan minti goma ka koma 120. Sama za ta ƙara duhu, ƙananan taurari su ƙara fitowa, curin ya cika madubin. A wannan girma zai riƙa ficewa daga gani cikin minti biyu zuwa uku saboda juyawar duniya, sai ka riƙa tura bututun a hankali. Idan taurarin suka kumbura suna rawa, iska ba ta kwanta ba, koma ƙaramin girma. Kada ka sa ran launukan da kake gani a hotuna, ido fari da toka-toka yake gani a irin wannan haske.

7. Kafa mazaunin hoto

Ba na ba da shawarar fara hoto kafin ka iya nemo curin da hannunka, domin a fuskar kyamara lalube ya fi wuya.

Daidaita ƙafa uku ta tsaya cak, ka danna ƙafafun cikin ƙasa. Sandar juyawar mazaunin dole ta nuna Tauraron Arewa, Polaris. Tsayinsa daga ƙasa daidai yake da digirin nisan garinku daga ikweta: digiri 12 a Kano, 13 a Sakkwato, ƙasa da 7 a Kumasi. Wato yana ƙasa sosai, katanga ko ƙura na iya ɓoye shi, don haka wurin da ka zaɓa yana bukatar ɗan buɗi ta arewa ma. Tauraron bai zauna daidai kan cibiyar ba, ya kauce da ƙasa da digiri ɗaya, manhajar mazaunin za ta nuna maka inda za ka ajiye shi a cikin da'irar ƙaramin madubin da ke jikin mazaunin. Idan ya ƙi ganuwa, saita arewa da kamfas, ka sa lambar digirin garinku a ma'aunin mazaunin, ka rage tsawon ɗauka zuwa daƙiƙa 10 ko 15.

Hattara: ɗora kyamara da duk nauyinta, ka daidaita rinjaye, sannan ka sake duba Polaris. Nauyi yana gusar da saiti. Bayan haka ko ƙafarka kada ta taɓa ƙafar mazaunin.

Wanda ba shi da mazauni mai bin taurari zai iya gwadawa da ƙafa uku kaɗai: madubin milimita 200, daƙiƙa ɗaya kowane hoto, ISO (ma'aunin ƙarfin jin haske na kyamara) 3200, hotuna ɗari uku ko fiye, yana mayar da curin tsakiya bayan kowane ɗan lokaci. Waya a bakin madubin leƙe kuwa tana yi wa wata kyau, amma a nan abin da za ta ba ka kaɗan ne.

8. Saita kaifi

A hoton curin taurari babu abin da za a kalla sai ɗigogi, saboda haka kaifi shi ne hoton. Kashe saitin kai-da-kai na madubi da na hana girgiza. Juya zuwa Spica, buɗe kallon kai tsaye a fuskar kyamara, zuƙo shi sau 10, ka juya zoben a hankali har tauraron ya kai ƙanƙantarsa. Wuce wurin kaɗan, ka dawo, don ka tabbatar. Akwai wani murfi mai tsage-tsage da ake kira Bahtinov, bai kai dala 20 ba yawanci. Yana mayar da tauraro layuka uku, idan na tsakiya ya zauna daidai tsakanin biyun, an samu. Manne zoben da salatif.

Hattara: alamar iyaka da ke jikin madubi ba abin dogaro ba ce. Kuma yayin da dare yake sanyi ƙarfe yana tsukewa, saiti yana gocewa. Sake dubawa kowane rabin awa. Cire murfin Bahtinov kafin ka fara ɗauka.

9. Ɗauka

Sa kyamara a M, wato saitin hannu, tsarin RAW, ISO 800, ka kashe saitin da ke rage ɗigo-ɗigon hoton dogon ɗauka. Idan madubin kyamara ne, rufe bakinsa mataki ɗaya daga iyakar buɗewarsa, taurarin gefe za su fi tsafta. Ɗauki gwaji na daƙiƙa 30 ka zuƙo shi har ƙarshe. Abu biyu kake dubawa. Na ɗaya, taurari zagayayyu ne ko sun ja jela? In sun ja, rage lokaci ko ka gyara saitin arewa. Na biyu, tsakiyar curin: kana iya ganin ɗigogi a ciki, ko ta zama farin faci?

Wannan na biyun shi ne kuskuren da ya fi yawa. Mutum yana ganin dogon ɗauka ya fi, sai ya buɗe minti uku ko biyar, tsakiyar ta ƙone fari fat, launukan taurari su tafi, kuma babu manhajar da za ta dawo da su. Gajerun hotuna masu yawa ake so: daƙiƙa 30 zuwa 60, guda 60 zuwa 100. Ka ƙara guda 20 na daƙiƙa 5 ko 10 saboda tsakiyar. Kada ka sa matatar hasken da ake sayarwa don hoton gajimaren iskar gas na sama. Hasken taurari ya ƙunshi dukkan launuka, matatar za ta yanke shi ne kawai.

Kafin ka naɗe kaya, akwai hotunan gyara kala uku. Rufe bakin madubi ka ɗauki 20 da lokaci da ISO iri ɗaya da na curin, tun kyamara tana da zafinta na aiki. Waɗannan su ne na duhu. Yana rufe, ɗauki 30 da mafi saurin ƙiftawar kyamara. Sannan buɗe, shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a baki, haska shi da farar fuskar waya ko kwamfuta, ka ɗauki 20 masu matsakaicin haske. Waɗannan na farin su ke share tabon ƙura da duhun kusurwa, kuma a ƙasarmu ƙura ba ta rabuwa da kyamara.

Hattara: kada ka taɓa zoben kaifi ko ka cire madubi kafin ka gama na farin. Bayan ruwan sama kuma raɓa tana sauka kan gilashi. Naɗa kwali ya zarce bakin madubin, kuma ka riƙa haskawa da jar tocila kana dubawa.

10. Haɗawa da gyara

Manhajoji biyu na kyauta sun isa: DeepSkyStacker a Windows, ko Siril da ke aiki a Windows da Mac da Linux. Da farko bi hotunan ɗaya bayan ɗaya ka zubar da duk wanda gajimare ya ratsa, ko iska ta girgiza. Kada ka ji tausayinsu, hoto 50 masu kyau sun fi 90 gauraye. Loda kowane kala a gurbinsa ka bar manhaja ta jera taurarin kan juna.

Abin da zai fito zai yi duhu, kada ka tsorata. Yanke gefuna, share hasken gari da ya kwanta ta ƙasa, daidaita launi, sannan ka ɗago haske a hankali, mataki-mataki, idonka yana kan tsakiyar. Da ɗigogin ciki sun fara narkewa cikin juna, tsaya ka koma baya. Ƙara ƙarfin launi kaɗan, za ka ga manyan taurari masu ruwan lemo sun fito tsakanin masu shuɗi-shuɗi. Kada ka mayar da bango baƙi ƙirin, yin haka yana cinye raunanan taurarin gefe, curin ya ƙanƙance.

11. Idan lokacinsa ya wuce

Daga Yuli Omega Centauri yana karkata yamma tun farkon dare. Sai ka juya arewa wajen wani curin mai suna M13, mai nisan shekarar haske fiye da 22,000, wanda yake hawa digiri 65 a Kano wajen ƙarfe 9:30 na dare a tsakiyar Yuli. Tsakanin taurari biyu masu haske, Vega da Arcturus, akwai wasu huɗu da suka yi murabba'i karkatacce. M13 yana kan gefensa na yamma, sulusin hanya daga tauraron kusurwar arewa. Ya fi ƙanƙanta kuma tsakiyarsa ta fi tsukewa, don haka yana son girma 120 zuwa 200 a ido, da madubi mai tsawo a hoto. A kudu kuma akwai wasu curi biyu, M4 dab da jan tauraron Antares, da M22 gabas da shi, duka a cikin damina, duk daren da hadari ya ba da sarari.

Da ka dawo gida, bar kayan a buɗe a ɗaki har raɓa ta bushe, sannan ka rufe su a jaka ko akwati. Ƙurar da ta hau madubi ka hure ta da robar hura iska. Kada ka goge da riga ko hankici, yashin da ke cikinta yana karce gilashi.